Kalmomi Uku

Duk shekara, in ƙanƙara ta fara zamewa daga rufin gidajen Alesund,
Ingunn takan hawo matakalarmu da shuɗiyar jakarta,
ta kakkaɓe takalmi, ta karɓi kofin gahawa,
ta ce wa Torleif, "Riƙe mini kalmomi uku:
tuffa, makulli, kwalekwale.
An jima zan karɓi ajiyata."

Sai ta sa shi zana agogo,
ya ƙirgo daga ɗari yana zubar da bakwai-bakwai.
Shekara goma sha ɗaya yana mayar mata da ajiya cif,
har da gyara:
"Kwalekwalen ma na san mai shi."
Mutumin da ya yi shekara arba'in yana shigo da jirage tasha cikin duhu,
wanda ya san kowane dutse da ruwa ya ɓoye, da sunansa.

A ta sha biyu makulli ya faɗi.
Ya laluba aljihu, kamar can ya sa shi.
A ta sha huɗu, lambobin agogonsa suka taru gefe guda
kamar tumakin da ruwan sama ya kora gindin bango.
A ta sha bakwai ya tambaye ni, cikin ladabi,
ko na ga matarsa.
Na ce na gan ta, tana nan tafe.

Katin yana manne a jikin firiji tun farko.
Rana ɗaya muka sa hannu, da biro ɗaya.
Ɗanmu Eilif ya ɓata rai:
"A binne mini uba ba cikakke ba?"
Torleif ya ce, "Ƙasa ba ta karatu, yaro.
A ba masu karatu."

Ƙarfe uku da kwata na dare numfashi ya tsaya.
Kafin in kira Eilif, kafin in kira fasto,
lambar katin na buga,
don sun ce wannan kyauta ba ta jiran gari ya waye.
Hannuna bai yi rawa ba sai da na ajiye wayar.
Mutum biyu suka zo, suka cire hula tun daga ƙofa.
Ranar jana'iza an taje masa gashi yadda yake so,
ba wanda ya ga ɗinki.

Kilo ɗaya da 'yan kai, aka ce mini.
Ashe abin da ya ɗauki tekun nan duka,
da ni, da gidanmu na farko mai yoyo,
bai fi busasshen kifi biyu nauyi ba.

Yanzu yana wani ɗakin bincike can kudu,
yanki-yanki a kan gilashi, ko fatar albasa ta fi su kauri,
lamba a madadin suna.
Wata yarinya da ko makaranta ba ta shiga ba ranar da muka sa hannu
tana leƙawa ta madubin awo,
tana bin sawun gigin tsufa, tana neman inda hanya ta fara toshewa.
Na rubuta na tambaye ta ko ta gan ni a ciki.
Ta amsa da gaskiya: ba a ganin wannan.

Bana ma Ingunn ta zo. Ita ma ta yi furfura.
Ina da tamanin da tara, ban manta komai ba,
wannan shi ne nawa ciwon.
Ta ce irin tawa ma suna jira,
sai an jera mai lafiya da maras lafiya
kafin a gane inda suka raba hanya.
Wato za a sake ajiye mu kusa da juna.

"Riƙe mini kalmomi uku," in ji ta.
Na riƙe. Na zana agogo, kowace lamba a ɗakinta.
"Tuffa," na ce. "Makulli."
Sai na yi shiru.
Ta ɗago biro daga takarda, tana kallona.

Ba mantawa na yi ba.
"Kwalekwale," na ce.
"Na san mai shi."